Cinco de Mayo ba ranar 'yancin Meziko ba ce: asalin bikin da abincin gida da ya dace da shi

Tambaya: Wata 'yar uwa mazauniyar jihar Texas ta Amurka ta rubuto cewa makarantar 'ya'yanta ta nemi iyaye su kawo abincin Meziko na gida ranar 5 ga Mayu, wato bikin da ake kira Cinco de Mayo. Tana son ta san ko ranar samun 'yancin kan Meziko ce kamar yadda maƙwabta suka gaya mata, da kuma abin da za ta iya girkawa da hannunta wanda babu alade, babu giya a cikinsa.

Amsa: Hajiya, sannu da ƙoƙari, Allah ya raya zuri'a. Maƙwabtan naki sun faɗi abin da mafi yawan Amurkawa suke zato, amma ba haka zancen yake ba. Ranar 'yancin Meziko ita ce 16 ga Satumba. A irin wannan rana a 1810 wani limamin coci mai suna Miguel Hidalgo ya kaɗa ƙararrawa a garin Dolores, ya kira talakawa su tashi su yaƙi mulkin Sifaniya, aka kuma yi ta gwabzawa har 1821. Duk daren 15 ga Satumba shugaban ƙasar yakan fito saman benen fadar gwamnati a birnin Meziko ya kaɗa ƙararrawa, dubban mutane a dandali suna amsa masa. Wannan ne babban bikin ƙasa. Cinco de Mayo kuwa tunawa ce da wani yaƙi na wuni ɗaya da aka yi shekara 52 bayan kiran Hidalgo, kuma da Faransa aka yi shi.

Mafarin rikicin bashi ne. Meziko ta shiga shekarun 1860 a galabaice. Texas ɗin da kike zaune ƙasar Meziko ce har 1836, sannan a 1848, bayan yaƙi da Amurka, ƙasar ta sallama Kalifoniya da sauran yankunan arewa. In aka haɗa duka, kusan rabin ƙasarta ke nan ya tafi. Bayan haka aka yi yaƙin basasa na shekara uku tsakanin masu son rage ikon coci da na soja da masu son a bar komai yadda yake. Masu neman sauyi suka yi nasara a farkon 1861 ƙarƙashin Benito Juárez, mutumin da nake ganin ya cancanci a san shi fiye da yadda aka san shi a wajenmu. Ɗan ƙabilar Zapotec ne daga wani ƙauyen tsauni a jihar Oaxaca, maraya tun yana ɗan shekara uku, ya yi kiwon tumaki, bai iya Sifaniyanci ba sai da ya kai kimanin shekara 12, amma ya zama lauya, ya zama gwamna, ya zama shugaban ƙasa. Ya tarar da baitulmali babu komai, don haka a watan Yulin 1861 ya sanar da dakatar da biyan basukan ƙasashen waje na shekara biyu.

Birtaniya da Sifaniya da Faransa suka haɗu a Landan a ƙarshen Oktoban wannan shekara, suka amince su tura jiragen yaƙi tashar ruwa ta Veracruz. Ba duka bashin ne na gaskiya ba. Akwai wani ma'aikacin banki ɗan Suwizalan mai suna Jecker wanda ya bai wa ɓangaren da aka kayar a yaƙin basasa ɗan kuɗi kaɗan, ya karɓi takardun bashi na peso miliyan 15, kuma ɗan uwan sarkin Faransa, Duke de Morny, yana da kaso a ciki. Da Birtaniya da Sifaniya suka gane cewa sarkin Faransa, Napoleon na Uku, ƙasar yake so ya ci gaba ɗaya, sai suka sasanta da gwamnatin Juárez suka janye a watan Afrilun 1862. Faransa ta zauna. Lissafin Napoleon shi ne Amurka ta faɗa cikin nata yaƙin basasar tun 1861, ba ta da hannun da za ta tare shi.

Janar Lorencez na Faransa ya tashi daga bakin teku da sojoji kimanin 6,000 ya nufi babban birni. Kafin yaƙin ya rubuta wa gwamnatinsa cewa da waɗannan dakaru tuni Meziko ta zama tasa, yana kafa hujja da fifikon launin fata da horo da tsari. Hanyarsa ta bi ta Puebla, birnin da ke kan tudu mai tsawon fiye da mita 2,000, da ganuwoyi biyu a kan tsaunin da ke arewacinsa, Loreto da Guadalupe. A can Janar Ignacio Zaragoza, mai shekara 33, yake jira da mutum kimanin 4,000, bindigoginsu tsofaffi, a cikinsu akwai manoma 'yan asalin ƙasa daga tsaunukan arewacin jihar Puebla. Ga abin da zai yi wa yaranki daɗi: an haifi Zaragoza a 1829 a kusa da Goliad, a Texas ta yau.

Ranar 5 ga Mayun 1862 Lorencez ya ƙi zagayawa, ya tunkari tsaunin gaba da gaba. Sau uku sojojinsa suna hawa ana koro su. Da la'asar ruwa ya sauko, gangaren ya zama taɓo, mahayan Meziko suka bi su. Faransa ta yi asarar mutum kusan 500, Meziko ƙasa da 100, Lorencez ya ja da baya zuwa Orizaba. Cikin hafsoshin da suka yi fice ran nan akwai Porfirio Díaz, wanda daga baya ya mulki ƙasar fiye da shekara 30. Kwana huɗu bayan yaƙin Juárez ya ayyana ranar a matsayin abin tunawa na ƙasa. Zaragoza bai daɗe ba, zazzaɓin taifod ya kashe shi a watan Satumban wannan shekara, aka ƙara sunansa a na birnin ya koma Puebla de Zaragoza.

Nasarar ba ta kawo ƙarshen yaƙin ba, kuma ya kamata a gaya wa yara haka. Napoleon ya turo ƙarin sojoji kusan 30,000, suka kewaye Puebla wata biyu har ta faɗi a watan Mayun 1863, suka shiga babban birni a watan Yuni, a 1864 suka ɗora Maximilian, ƙanin sarkin Ostiriya, a kan gadon sarauta. Juárez ya koma arewa yana ta ƙaura da gwamnatinsa daga gari zuwa gari bai miƙa wuya ba. Akwai wani ɓangare na labarin da ya taɓa nahiyarmu. Da zazzaɓin shawara ya yi ta kashe Turawa a yankin Veracruz mai zafi, Napoleon ya roƙi Sa'id Pasha na Masar ya ba shi sojoji, aka ɗebi mutum kimanin 450, mafi yawansu 'yan Sudan, aka tura su a farkon 1863. Shekara huɗu suka yi suna gadin hanyoyi a yaƙin da ba nasu ba. Da yaƙin basasar Amurka ya ƙare a 1865, Amurka ta fara matsa wa Faransa lamba, ga kuma barazanar Prussia, wata masarautar Jamusawa, a Turai, sai Napoleon ya kwashe sojojinsa. An kama Maximilian aka harbe shi a Querétaro ranar 19 ga Yunin 1867.

To me ya sa bikin ya fi armashi a Amurka fiye da Meziko? A Meziko ba hutun ƙasa na dole ba ne. Ana rufe makarantu, ana yin babban fareti a Puebla, a unguwar Peñón de los Baños ta babban birni kuma mutane sukan yi shigar sojojin ɓangarorin biyu su kwaikwayi yaƙin, amma bankuna da kasuwanni a buɗe suke. Bikin a matsayin shagalin jama'a na kowace shekara a Kalifoniya ya yi jijiya. Da labarin Puebla ya isa garuruwan haƙar zinariya a 1862, 'yan asalin Meziko suka fito suna harba bindiga sama suna waƙoƙi, a 1863 suka yi bikin cika shekara, suka kafa ƙungiyoyi suna tara kuɗi ana aika wa Juárez. Dalilinsu bai tsaya kan kishin tsohuwar ƙasa ba. Meziko ta haramta bauta tun 1829, su kuma suna tsoron in Faransa ta yi ƙarfi a kudu za ta tallafa wa jihohin Amurka masu riƙe da bayi. A wurinsu yaƙin Juárez da na Lincoln, shugaban Amurka na lokacin, abu ɗaya ne. A shekarun 1960 matasan Chicano, wato Amurkawa 'yan asalin Meziko, masu fafutukar neman haƙƙi suka sake ɗaga ranar don alfahari da asalinsu. Sai a shekarun 1980 kamfanonin giya suka gano kasuwa a cikinta suka zuba kuɗin talla, shi ya sa yau da yawa ba su san komai game da ita ba sai shaye-shaye da manyan huluna. Wannan yana ɓata mini rai, domin ranar ta talakawa ce da suka tsaya a gaban wanda ya raina su. Uwar da ta kai abincin da ta girka da hannunta ta fi kusa da ainihin bikin.

Yanzu mu shiga kicin. Mafi yawan abin da ake sayarwa a gidajen abinci na Amurka da sunan abincin Meziko, mai narkakken cuku rawaya da ɓawon taco (fefen masara da ake naɗe nama a ciki) mai ƙarau-ƙarau, girkin kan iyaka ne da ake kira Tex-Mex. Yana da nasa tarihin, ban raina shi ba, amma ba shi ake ci a gidajen Puebla ba. Girkin gida ya tsaya ne a kan masara da wake da barkono, da kabewa da tumatir a gefe. Masarar da muke nomawa daga can ta fito: an fara noma ta a kwarin kogin Balsas a kudancin Meziko kimanin shekara 9,000 da suka wuce. A 2010 UNESCO ta sa girkin gargajiyar Meziko cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye.

Abin da ya bambanta masararsu da tamu shi ne yadda suke sarrafa ta kafin niƙa. Suna dafa ƙwayar a ruwan da aka zuba wa wata farar hoda da suke kira cal, wadda ake samu daga ƙonannen dutsen farar ƙasa, wasu al'ummomin kuma da tokar itace suke yi. Ma'aunin shi ne giram 10 na cal ga kilo ɗaya na busasshiyar masara da ruwa kamar lita uku, a tukunyar da ba ta alminiyam ba. A bar ta ta yi ɗan tafasa na kamar rabin awa har ɓawon ya fara saɓulewa in an murza, a sauke, a bar ta ta kwana a ruwan, da safe a wanke a niƙa ta da danshinta. Wannan aikin yana yin abubuwa da dama a lokaci guda. Ƙullun yana samun danƙon da zai riƙe kansa ba tare da alkama ba. Sinadarin niacin da ke ɗaure cikin masara yana sakuwa jiki ya iya amfani da shi. Sinadarin kalsiyam yana ƙaruwa, gubar funfuna irin ta aflatoksin kuma tana raguwa. Turawa sun ɗauki masara suka bar wannan ilimin a baya, sakamakon haka cutar pellagra mai lalata fata da hanji da ƙwaƙwalwa ta yi ta cin talakawan arewacin Italiya da Sifaniya da kudancin Amurka waɗanda suka dogara da masara kaɗai. Matan Meziko da suke durƙuso a kan dutsen niƙa sun riga masana warware matsalar da shekaru dubbai. Idan za ki gwada, sai da cal ɗin da aka tanada don abinci, kada ki kuskura ki yi amfani da na gini.

Ke da kike Texas an sauƙaƙa miki. Kowane babban kanti yana da garin da aka riga aka yi wa wannan aikin, a jikin ledar za ki ga an rubuta masa harina, sanannen tambarinsa Maseca. Garin masara na tuwo ba zai yi ba, farfashewa zai yi. Ki kwaɓa kofi biyu na garin da kofi ɗaya da rabi na ruwan ɗumi da ɗan gishiri, har ya yi laushi bai manne a hannu ba, ki rufe shi minti 20. Ki cura ƙananan dunƙule, ki sa kowanne tsakanin leda biyu ki danne da gindin faranti ya yi faɗi siriri. Ki ɗora kasko marar mai ya yi zafi sosai. Gefen farko daƙiƙa 30, ki juya ya yi kamar minti ɗaya, ki sake juyawa. In ya kumbura a juyi na biyu, kin dace. Ki riƙa jera su cikin tsabtataccen ƙyalle kina rufewa, tururin ne yake ƙarasa laushinsu. Wannan ita ce tortilla, kuma matsayinta a gidan ɗan Meziko kamar na tuwo ne a gidan Bahaushe: in babu ita, ba a ci abinci ba.

Abin da zan ba ki shawara ki zuba a ciki shi ne tinga ta kaza, domin daga Puebla ta fito kuma ba ta da wahala. Ki dafa ƙirjin kaza da albasa da tafarnuwa, ki yayyage naman siriri-siriri, ki ajiye romon. Ki gasa tumatir a kan busasshen kasko har fatarsa ta yi baƙi-baƙi, ki markaɗa shi da tafarnuwa da chipotle biyu ko uku, wato barkonon jalapeño da aka busar da hayaƙi, ana sayar da shi a gwangwani. Ki soya albasa mai yawa har ta yi laushi, ki zuba markaɗen ya soyu, ki sa kazar da ludayi ɗaya na romo, ki bar shi ya tsotse. Tunda yara za su ci, chipotle ɗaya ma ya isa. Gasa kayan miya kafin markaɗe shi ne hannun girkinsu. Ko salsa, wato miyar yajin da ake sawa a gefe, haka ake yin ta: tumatir da barkono da albasa da tafarnuwa a gasa, a daka a ƙaramin turmin dutse, a sa gishiri, shi ke nan.

Wake kuma a tukunya kawai ake dafa shi da albasa da tafarnuwa da ruwa mai yawa har romonsa ya yi kauri. Baƙin wake ko pinto za ki nema, domin wakensu wani iri ne dabam da namu. A nan ne za ki kula da batun alade. Waken da ake soyawa a dama, wanda ake kira frijoles refritos, da tamales, wato ƙullun masara da ake naɗewa a ganye a turara, da wasu tortilla na fulawa, bisa al'ada da kitsen alade ake yin su. Kalmar da za ki duba a jikin kaya ko ki tambaya ita ce manteca, da kuma chorizo, wanda wasu suke sawa a tinga. A gida man gyaɗa ko man shanu yana maye gurbinsa ba tare da wata asara ba.

Ba zan wuce ban yi maganar mole poblano ba, ko da yake ba shi zan ce ki fara da shi ba. Shi ne alfaharin Puebla, miya ce mai duhu mai kauri da ake zubawa a kan talotalo ko kaza a barbaɗa riɗi a sama, abincin aure da suna da manyan taruka. Labarin da mutanen birnin suke bayarwa shi ne mata masu ibada a gidan Santa Rosa ne suka ƙirƙiro ta a ƙarni na 17 don karrama wani babban baƙo. Labari ne na baka, kuma 'yan asalin ƙasar suna yin miyar barkono da tsabar kabewa tun kafin zuwan Turawa. Abin da ya faru shi ne tsohuwar miyar ta haɗu da kayan da jiragen Sifaniya suka kawo. Ginshiƙinta busasshen barkono iri uku ne, ancho da mulato da pasilla, waɗanda ba su da yaji sosai, ɗanɗanonsu ya fi karkata ga zaƙi da ƙamshin hayaƙi. Ana cire musu 'ya'ya, a ɗan soya su, a jiƙa. Sannan a soya riɗi da gyaɗa da almon da busasshen inabi da nunanniyar agada da guntun tortilla, kowanne shi kaɗai saboda lokacin nunarsu ya bambanta, a haɗa da kirfa da kanumfari da masoro da gasasshen tumatir, a niƙa ya yi sumul. Sai a soya niƙan a mai, a riƙa ƙara romo ana juyawa awa ɗaya ko fiye. Cakulan yana shiga a ƙarshe kuma ɗan kaɗan ne, don haka masu kiran ta miyar cakulan ba su yi mata adalci ba. Inda aka fi yin kuskure shi ne wajen soya barkonon: daƙiƙa kaɗan ne tsakanin ƙamshi da ƙuna, kuma barkono ɗaya da ya ƙone yana sa tukunyar gaba ɗaya ɗaci. Ki ware mata wata Asabar da ba ki da gaggawa. Ta fi daɗi in ta kwana.

Akwai wani abincin Puebla da za ki gani a hotunan bikin, chiles en nogada, barkono kore da aka cusa wa nama aka zuba farar miya da jajayen 'ya'yan rumman, launukan tutar ƙasar ke nan. Shi na Agusta da Satumba ne, lokacin kayansa da bikin 'yanci, ki bar shi sai lokacin.

Abin sha kuwa kin riga kin iya shi. Jan ruwan da ake sayarwa a kasuwannin Meziko cikin manyan kwalabe da sunan agua de jamaica, zoɓo ne, kuma Meziko tana cikin manyan masu sayen busasshen zoɓon da ake nomawa a Jigawa da Kano da maƙwabtansu. Su ba sa sa citta da kanumfari da yawa irin namu. Tafasa shi suke yi, su tace, su ƙara ruwa da sukari da ƙanƙara, wani lokaci da ɗan lemun tsami. Ruwan tsamiya ma suna sha, suna kiransa agua de tamarindo. Ki yi tinga da wake da zoɓon tun daren 4 ga wata, tortilla kaɗai za ki bari sai safiya, ki naɗe su da zafinsu cikin ƙyalle ki sa a kula. In za ki haɗa da fiya, wadda ake dakawa da gishiri da lemun tsami da yankakkiyar albasa, ki yi ta dab da fita, domin ba ta jimawa take yin baƙi.